Ranar Juma'a Ba Kowa a Kamfani

Shekara biyu da wata uku Badi'a ta yi tana aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin jimar fata da ke can ƙarshen Challawa, inda kwalta ta ƙare aka shiga jar ƙasa. Aikin nata ba mai yawa ba ne. Kowace Litinin da safe takan ɗauki kwalabe uku ta zagaya bayan kamfanin, ta ɗebi ruwan da ke fitowa daga injin tacewa, ta dawo ta gwada, ta rubuta abin da ta gani, ta sa hannu. Wannan takardar ake aika wa hukumar kula da muhalli. Ba ta taɓa rubuta ƙarya a ciki ba, domin ranar Litinin tun da sassafe ake kunna injin, ruwan kuwa yakan fito garau kamar a yi alwala da shi.

Ita kaɗai ce mace a cikin ma'aikatan ofis. Leburori suna kiranta Likita saboda farar rigar aikinta, ta gyara musu har ta gaji ta bari. In lokacin cin abinci ya yi, maza sukan taru a gindin darbejiyar bakin ƙofa suna musun ƙwallo da siyasa, ita kuma ta buɗe kular da ta zo da ita daga Dorayi, ta juya wa kwalabe baya, ta ci. Ba wanda ke wulaƙanta ta. Mantawa kawai ake yi tana nan. An taɓa kulle ta a ciki da yamma, da ta buga ƙofa mai gadi ya dawo yana rantsuwa ya zaci ba kowa.

Ranar Juma'a kuwa, da ƙarfe ɗaya ta buga, kamfanin yakan koma kango. Manaja da direbobi da masu ɗaukar fata da masu gadi, kowa ya wanke hannu ya canza kaya ya nufi masallaci. Na ƙarshen fita kullum shi ne Malam Uba, wani dattijo mutumin Damagaram da ke kula da babban tafkin da ake tara ruwan jima. Kafin ya tafi yakan zagaya baya da wani dogon ƙarfe a kafaɗa, ya murɗe ƙofar magudana, sannan ya bi sauran da sassarfa. Ruwan mako guda, wanda bai taɓa ganin injin tacewa ba, sai ya bi ta ƙarƙashin katanga ya gangara rafi. In an idar da salla ya dawo ya rufe. Injin yana shan mai da yawa, shi ya sa ba a kunna shi sai ranar gwaji. An zaɓi wannan lokacin ne tun kafin Badi'a ta zo, saboda a wannan sa'ar ba ma'aikacin hukuma da ke yawo, ba ɗan jarida, ba mai unguwa, kowa yana sahu. Ta taɓa jin Manaja Sagir yana faɗa wa wani sabon injiniya cewa kada ya damu, ranar Juma'a ba kowa a kamfani. Tana tsaye a gefensu lokacin, da kwalba a hannu.

Tagar ɗakin gwaji tana kallon baya. Ta nan take ganin ruwan idan ya ɓalle, shuɗi mai duhu, da kumfa da gashin dabbobi a samansa. Ta nan kuma take hango matan ƙauyen da ke bayan katanga suna fitowa da sauri suna kora awakinsu daga bakin rafi, su ma sun san lokacin kamar yadda suka san kiran salla. Ɗaya daga cikinsu, Lami mai sayar da ɗanwake a ƙofar kamfani, ta taɓa ce mata rijiyarsu ta koma ɗaci, sabulu ma ba ya kumfa a ruwanta. Ba ƙorafi ta yi ba, tana zuba yaji ne ta faɗa. Wani lokacin matan sukan ɗaga kai su dubi tagar, sai Badi'a ta ja da baya.

Ba za ta iya tuna Juma'ar da ta fara ba, amma ta ɗauki wata al'ada. In kamfanin ya yi tsit sai ta sauka da ƙaramar kwalba, ta ɗebi ruwan, ta liƙa takarda ta rubuta kwanan wata, ta tura can ƙarshen kabad ɗin ƙasa. Na farko-farko ta gwada su, daga baya ta daina, don ta riga ta san abin da ke ciki. Ba ta da niyyar nuna wa kowa. Ita dai ba ta son abin ya zama idonta kaɗai ya gani.

Kuma tana son aikinta, wannan ba ta ɓoye wa kanta ba. Shekara uku ta zauna a gida bayan bautar ƙasa, tana kai takardu Sharaɗa da Bompai ana ce mata za a neme ta, har sai da kawunta ya samo 'yar takarda daga ofishin mai kamfanin. Tun rasuwar mahaifinta, wannan aikin ne ke riƙe da gidan. Mahaifiyarta in ta shiga mutane takan ce Badi'a tana kamfani, kuma a yadda take faɗa za ka ji ta ɗan miƙe wuya.

A takarda, kamfanin na wani surukin Onarabul Ashafa ne. A baki kuwa, har mai shara ya san na Onarabul ɗin ne da kansa, shugaban masu rinjaye a majalisa, wanda kowa ke kira Lida. Bara wani jami'in muhalli ya zo ba sanarwa, ya leƙa tafkin, ya sa wa ƙofar kamfani kwaɗo. Kwana uku aka cire kwaɗon, jami'in kuma aka mayar da shi wani gari a bakin iyaka. Mutumin bai haƙura ba, ya rubuta ƙara. Sai ga wata murya ta bazu a wayoyin jama'a, mai kama da ta Lida, tana tambayar shugaban hukumar ko yana so a wuce da kasafinsa bana ko ba ya so. Gidajen rediyo suka ɗauka, 'yan adawa suka yi ca, har dole majalisa ta miƙa maganar ga kwamitin ɗa'a. Mutum bakwai ne a kwamitin, biyar 'yan jam'iyyar Lida.

Ranar Alhamis Sagir ya kira ta ofishinsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ta zauna, ya sa aka kawo mata lemo. Kwamiti zai zo gobe, in ji shi, kuma za a ba ta wata takarda ta sa hannu a gabansu, cewa tun da ta fara aiki ruwan da ba a tace ba bai taɓa fita daga kamfanin nan ba. Ya ce ba wani abu ba ne sabo, abin da ke cikin takardunta na Litinin ne kawai aka tattara wuri guda. Da ta miƙe za ta fita sai ya ƙara da cewa jiya ma ya haɗu da kawunta a wajen ɗaurin aure, mutumin kirki, ta gaishe shi. Ta ce to. Ta bar lemon a kan tebur ba ta buɗe ba.

Lida da kansa ya zaɓi Juma'a. A zagaya kamfani da safe, a tafi masallaci tare, a dawo a saurari ma'aikata na rabin awa, sannan kowa ya wuce gidansa na Bompai cin abinci. An yi wa katanga fenti, an kunna injin tacewa tun daren jiya, an raba wa leburori sababbin takalman roba waɗanda suke tafiya a ciki kamar na aro. Da misalin sha ɗaya motoci suka jero. Lida gajere ne, mai fara'a, ya san sunan direban kowa. Yana gaba yana nuna wa 'yan kwamiti hanya a kamfanin da ya ce ba nasa ba, yana tsokanar ɗan adawa guda cewa ya toshe hanci da kyau kada warin talakawa ya kama masa babbar riga. Kowa na dariya, har ɗan adawar. Da suka leƙo ɗakin gwaji ya ce wannan ce likitar tamu, Allah ya yi albarka, amma idonsa na kan agogon bango.

Ƙarfe ɗaya saura kwata aka fara haramar masallaci. A nan ne aka tuna akwai mace ɗaya a kwamitin, Hajiya Aina'u, 'yar jam'iyyar Lida, babbar mace mai ciwon gwiwa wadda tun safe take bin ayarin a baya. Sagir ya ce an tanadi mota ta kai ta masauki ta huta. Ta ce ita ba za ta shiga cunkoson Juma'a sau biyu a kan wannan gwiwar ba.

"Ba ga yarinya nan ba? Zan yi azahar a wajenta."

Motar Lida ta riga ta fara motsi. Sagir ya ce to Hajiya, ya tattara rigarsa ya bi da gudu. An tsara komai na ranar, fenti da takalma da jawabi, amma ba wanda ya je ya ce wa Malam Uba komai. Shekaru ke nan ba a ambaci ƙofar magudana da baki ba. Abu ne da ke faruwa a lokacin da ba kowa.

Badi'a ta shimfiɗa wa Hajiya dardumarta, ta kawo mata kujera saboda gwiwa. Tana miƙewa ta hango shi ta taga. Malam Uba ne cikin farin yadinsa na Juma'a, ƙarfen a kafaɗa, yana ɗaga ƙafa kada laka ta taɓa masa wando. Tsakaninsa da tagar bai kai taku ashirin ba. Abin da za ta ce ba shi da tsawo, Baba, yau a bari. Zai ɗaga hannu ya juya, shi ke nan, da yamma ta sa hannu a takarda, Litinin ta dawo da kularta. Ta kai hannu ta kama marfin tagar. Can bayan katanga wata mata ta riga ta fito tana kiran awaki.

Hajiya ta tambaye ta ina ne gabas.

Badi'a ta saki tagar ta juyo. Ta ce nan ne, Hajiya, ta wajen tagar nan.

Hajiya tana raka'a ta uku ƙarar ta fara, kamar an juye babbar mota cike da tsakuwa. Wari ya biyo baya, ba irin warin fatar da ya zauna a kamfanin kullum ba, wani ne mai shiga maƙogwaro. Hajiya ta sallame, ta shafa addu'a a gurguje, ta dafa tebur ta miƙe. Ta daɗe a tsaye tana kallon ruwan yana tururuwa ta ƙarƙashin sabon fenti, da matan da ke jan akuyoyi da igiya, da wata da ta sa gefen zani ta rufe hancin goyonta.

"Yau ne kawai?"

Badi'a ta durƙusa ta buɗe kabad ɗin ƙasa, ta fara fito da kwalaben tana jerawa a kan teburin gwaji. Sun fi ɗari. Na bara sun yi baƙi, laka ta kwanta a gindinsu. Hajiya ta ɗauki ɗaya ta karanta kwanan watan, ta ɗauki wata, ta ajiye. Sannan ta fito da wayarta ta ɗauki ruwan a bidiyo, ta ɗauki matan, ta bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Ta zaɓi uku ta naɗe a leda ta sa a jaka. Ta ba Badi'a katinta, ta dafa kafaɗarta ta ce ta yi ƙoƙari, sauran ta bar mata. Tun da Badi'a ta zo kamfanin ba wanda ya taɓa dafa ta. Sai ta ji ƙwalla na neman zubo mata, ta sunkuya tana gyara dardumar da ba ta karkace ba.

Da aka dawo daga masallaci aka taru a ɗakin taro. Hajiya ta matsa kusa da shugaban kwamiti ta nuna masa waya, shi kuma ya miƙa wa Lida. Lida ya kalla har ƙarshe, fuskarsa ba ta canza ba, ya tura wa Sagir wayar da yatsa ɗaya. Sagir ya miƙe yana gumi. Ya ce wannan ganganci ne na wani tsohon lebura da bai san komai ba, bai taɓa faruwa ba, kuma yanzu-yanzu za a sallame shi a gaban kwamiti. Aka shigo da Malam Uba, carbi a hannu, yana ta gaisuwa hagu da dama don bai san wanda ya fi girma ba. Shugaban kwamiti ya tambaye shi wa ya sa shi buɗe magudana yau. Dattijon ya dubi Sagir, ya dubi mutanen, kamar an tambaye shi dalilin fitowar rana.

"Ranka ya daɗe, ai yau Juma'a ce."

Ɗan adawar nan ya yi wata 'yar dariya ya haɗiye. Sagir ya daka wa tsohon tsawa ya ce ya fita ya jira takardarsa a bakin ƙofa. Sannan ya ce ga ƙwararriyar kamfani nan, ita ke gwada ruwa kowane mako, ita za ta tabbatar. Ya ajiye takardar a gabanta, ya cire murfin biro ya ɗora a kai. Badi'a ta dubi Hajiya Aina'u. Hajiya tana neman wani abu a jakarta. Malam Uba bai kai ga fita ba, ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu.

Badi'a ta yi magana, ba wanda ya ji. Shugaban kwamiti ya ce ta ɗaga murya.

"Ba kuskure ya yi ba. Aikinsa ne. Kowace Juma'a ake buɗewa, ina gani ta taga."

A karon farko Lida ya dube ta sosai, ba da fushi ba, irin duban da mutum ke yi wa kujerar da ya yi tuntuɓe da ita. Ya tambayi sunanta, ta faɗa. Ya ce Badi'a 'yar wa. Ta faɗi sunan mahaifinta. Ya gyaɗa kai kamar mai ajiye abu a aljihu, sannan ya tafa hannu ya ce jama'a a tashi, abinci na hucewa a Bompai, kwamiti zai duba komai a tsanake.

Ranar Litinin mai gadi ya tare ta a ƙofa da ambulan, yana kallon ƙasa. Kamfani na gyaran tsari, an gode mata da hidimar da ta yi. Ta koma Dorayi kafin hantsi. Mahaifiyarta ta dubi kular da ba a buɗe ba, ta karanta takardar, ta ce Allah ya sa haka shi ya fi alheri. Kawunta bai zo ba, bai kuma kira ba.

Ta zauna tana jiran bidiyon ya fito. Kowace safiya takan duba waya kafin ta yi shara, da rana ta kunna rediyon mahaifiyarta. Sau biyu ta kira lambar da ke kan katin, wata murya ta ce Hajiya tana mitin. A mako na biyar aka karanta rahoton kwamiti a labaran rana. Ba a samu hujjar cewa Lida ya yi amfani da muƙaminsa ba, muryar da ke yawo ba a tabbatar da ita ba, an shawarci kamfanin ya ƙara horar da ƙananan ma'aikata. Labari na gaba shi ne an yi wa kwamitocin majalisa garambawul, Hajiya Aina'u ta zama shugabar kwamitin ayyuka. Badi'a tana tsinke zogale lokacin. Ta ci gaba da tsinkewa har ta gama.

Wata Laraba ta koma ɗauko dardumarta. Aka bar ta ta shiga da rakiyar mai gadi. An wanke kabad ɗin ƙasa tas, har warin sabulu yake. A bangon bakin ƙofa an liƙa sabuwar sanarwa, cewa don tausaya wa mata, hukumar kamfani ta amince duk mace ta tashi ƙarfe sha biyu ranar Juma'a. Lami tana gefe da tukunyarta, ta ce har su masu abinci an ce su riƙa kwashewa, wai su je su huta. Ta yi dariya ta ce ita dai hutunta na Juma'a kiwon awaki ne.

Malam Uba ya fito daga baya cikin takalman robar nan, sun riga sun tsufa. Ba a kore shi ba. Ya gaishe ta har da rusunawa, ya laluba aljihu ya fito da gwangwanin madarar da ake ba masu aikin tafki kullum don wanke ƙirji, ya ce ta karɓa, ba shi da wani abu. Ta karɓa. Ta tambaye shi ko har yanzu ana buɗewa. Ya dubi tafin hannunsa, ya ce Likita, shi abin da aka ce masa yake yi.

Juma'ar da ta biyo, da sha biyu ta wuce, ta wanke wata robar ruwa da aka shanye, ta ce wa mahaifiyarta za ta je ta dawo. Ba ta bi ta ƙofar kamfani ba. Ta sauka a mararraba ta bi hanyar ƙauye, ta tsaya a bayan katanga inda ba ta taɓa tsayawa ba. Daga nan tagar ɗakin gwaji ƙarama ce, an sa mata labule. Lasifikar masallaci ta fara huɗuba daga nesa. Matan suka fito da igiyoyinsu, suka dube ta, ba wadda ta tambaye ta komai. Da ruwan ya zo ta tsuguna ta cika robar, ta ɗaure murfin, ta rubuta kwanan wata a jiki da biro. Sai da ta miƙe ta tuna ba ta da kabad ɗin da za ta sa a ciki.

Titi ba kowa, ta daɗe kafin ta samu adaidaita. Ta zauna a baya ita kaɗai, robar a kan cinyarta da ɗuminta, ta riƙe ta da hannu biyu har Dorayi.